Sati Ɗaya Kafin Al'ada Sai In Zama Wata Daban, Wane Maganin Gargajiya Zan Sha?

Assalamu alaikum Inna. Ni matar aure ce a nan Maradi, shekarata 29, ƴaƴana uku, na yaye autana wata bakwai da suka wuce. Ɗinki nake yi a gida. Duk wata idan al'adata ta rage kamar sati ɗaya, sai in zama kamar ba ni ba. Nonuwa su cika su yi tsami, ciki ya kumbura har zane ya ƙi zama, kai ya riƙa sarawa, ga kwaɗayin zaƙi. Wannan duk zan iya daurewa. Abin da ya fi damuna zuciya. Abu kaɗan sai in hau faɗa, ko in shige ɗaki in yi ta kuka ba wanda ya taɓa ni. Watan jiya na mari ɗiyata ƴar shekara shida don ta zubar da koko, na kuma gaya wa maigida maganar da har yau nake jin kunyarta. Amma da jini ya zo, kwana biyu, sai in warware sarai. Uwar mijina ta ce iska ce, a nema mini magani wajen malamai. Maigida ya ce rashin kunya ce kawai, idan na sake zan tafi gidanmu in huta. Wata ƙawata ta sayo mini haɗi a gora wajen wata mai magani, jika biyu da rabi, an ce akwai saiwoyi da jar kanwa a ciki. Na sha wata biyu. Ciwon mara ya ragu, amma sai zawo da faɗuwar gaba, fushin kuwa yana nan. Ba na shan maganin tsarin iyali, muna ma son ƙarin haihuwa. Ni ba na son ƙwayoyin asibiti, na fi yarda da na gargajiya. Inna, wanne zan sha wanda ba zai cuce ni ba? Kuma anya ba iskar ba ce?

Wata baiwar Allah, Maradi

Wa alaikumus salam ɗiyata. Na karanta takardarki sau biyu, kuma duk biyun wuri ɗaya na tsaya, wurin da kika ce kwana biyu da zuwan jini sai ki warware sarai. Da wannan ƴar maganar kin yi rabin aikin likita. Ba ki haukace ba, ba kuma tarbiyyar gidanku ce ta kuɓuce miki ba. Mai mugun hali kullum da halinta take kwana take tashi, ba ta ɗaukar hutun sati uku a wata. Abin da kika lissafa sananne ne, tun 1931 wani likitan Amurka mai suna Robert Frank ya yi rubutu a kansa, kuma idan kika je asibiti a nan za ki ga an rubuta shi da haruffa uku na Faransanci a takardarki, SPM, wato ciwon gabatowar al'ada. Yawancin mata suna jin wani abu daga cikinsa, wata kumburin nono kawai, wata ciwon kai. Naki ya yi nauyi ne, shi ya sa kika rubuto.

Ga yadda abin yake. Kimanin kwana 14 kafin jini ya zo, ƙwai yana fita daga ma'ajiyarsa. Daga nan sai jiki ya fara shirin ɗaukar ciki, wani sinadari da ake kira furojestaron ya hau sama. Idan ciki bai shiga ba, sai shi da ɗan'uwansa istirojin su sauko, mahaifa ta zubar da shimfiɗar da ta yi, shi ne jinin. Wannan hawa da sauka yana taɓa ƙwaƙwalwa, musamman sinadarin da ke riƙe da natsuwa da barci da sha'awar abinci, wanda ake kira serotonin. Abin mamaki, idan aka auna jinin mace irinki sai a tarar sinadaran nata daidai suke da na kowa. Jikinta ne ya fi jin motsinsu. Kamar hunturu ne: iska ɗaya ke kaɗa garin duka, wani leɓensa kawai zai tsage, mai asma kuwa ya kwana zaune bai runtsa ba.

Tunda na ambaci iska, bari mu gama da zancen surukarki. Ni dai a iya rayuwata ban taɓa jin iskar da ke riƙe da kalanda ba, ta zo ana saura sati ɗaya, ta tattara kayanta ranar biyu ga jini, wata bayan wata ba ta kuskure. Amma kada ki yi wa tsohuwa dariya. Ta lura da gaskiya, ta ga kina canzawa, kuma maimakon ta ce a sake ki sai ta ce a nema miki magani. Wannan ai mai ƙaunarki ce, ta kira abin da sunan da ta sani. Idan ta yi miki tofi ki karɓa ki gode, ki riƙe azkar ɗinki na safe da na maraice, addu'a ba ta taɓa cin karo da magani ba. Inda za ki toge cikin ladabi shi ne hayaƙin da za a turara miki a rufe ki da bargo, ko jiƙon da ba a faɗa miki abin da ke ciki ba, ko wanda zai ce sai an kawo akuya da jika ashirin. Kuma ki tuna, Nana A'isha da kanta ta yi kuka lokacin da al'ada ta zo mata a hanyar aikin Hajji, Manzon Allah (SAW) ya same ta ya rarrashe ta, ya ce mata abu ne da Allah Ya rubuta wa ƴaƴan Adamu mata. Rarrashi ta samu. Wannan labarin maigida ma yana bukatar jinsa.

Yanzu gorar nan. Ɗiyata, ki daina sha daga yau, kuma kada ki bai wa wata don kada kuɗin su tafi a banza. Ba don na raina maganin gargajiya ba, za ki ga yanzu zan lissafa miki wasu. Don ba ki san abin da ke ciki ba ne, ƙawarki ba ta sani ba, kuma mai yiwuwa ita mai haɗawar ma ba za ta iya sake haɗa irinsa daidai da ma'auninsa ba. Zawon da kika yi yana nuna akwai mai wanke ciki irin su filasko, kuma zawo mai yawa yana kwashe gishirin da zuciya ke aiki da shi, faɗuwar gaba kan biyo baya. An kuma sha kama masu haɗi a ƙasashe da dama suna niƙa ƙwayoyin kashe ciwo na bature su zuba cikin jiƙo don mai saye ya ji sauƙi da wuri ya dawo. Ban ce taki ta yi haka ba. Na ce ba ki da hanyar sani.

Jar kanwa kuwa, wadda matanmu suka ɗauka ƙawar mara ce, gishiri ne mai ƙarfi, kuma gishiri ruwa yake tarawa a jiki. Ke da kike kukan kumburin ciki da cikar nono, kin ga kenan kina ƙara wa wuta itace. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan kunun kanwa da wankan jego mai zafi da ciwon zuciyar da ke kama masu jego. Ƴar kaɗan da ake jefawa a wake ko miyar kuɓewa daban, wadda ake jiƙawa a sha kofi guda daban.

Sai dalilin da ya fi tsaya mini a rai. Kin ce kuna neman haihuwa. To, kwanakin da kike shan jiƙon nan, wato satin ƙarshe kafin al'ada, su ne daidai kwanakin da ɗan tayi ke neman wurin maƙalewa a mahaifa idan Allah Ya sa ciki ya shiga. A lokacin ba ki sani ba, ba wanda ya sani, don alamomin sabon ciki da na gabatowar al'ada kusan ɗaya ne: cikar nono, kasala, saurin fushi. Da yawa daga cikin saiwoyin da ake ba mata don “tsinka jini” ko “wanke mara” aikinsu kenan, su matsa mahaifa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ƙawarki kuwa ki gode mata, da zuciya ɗaya ta yi, ki ce mata bai karɓe ki ba. Kada ki bari zumunci ya ɓaci a kan gora.

Kafin ki sha komai, ki aiki yaro shago ya sayo miki ƙaramin kaye da bik. Ki ja layi a shafi kamar yadda kike rubuta awon masu ɗinki: kwanan wata a gefe, sannan fushi, kuka, nono, kumburi, kai, barci. Kowane dare bayan Isha'i ki sa lamba a ƙarƙashin kowanne, sifiri idan babu, 1 kaɗan, 2 ya dame ki, 3 ya hana ki aiki ko ya haɗa ki da mutane. Ranakun jini ki zagaye su. Minti biyu ne. Ki yi haka har al'ada biyu, har da ranakun da kike lafiya lau, don su ne ma shaidar. Likitocin mata a ko'ina da wannan suke tabbatar da ciwon, babu wani awon jini da ke nuna shi. Idan lambobin suna hawa ana saura sati ɗaya ko kwana goma, su koma sifiri bayan jini ya zo, to shi ne. Idan kuwa kika ga 2 da 3 sun bazu cikin watan duka, akwai wani abu a ƙasa, ko ciwon damuwa, ko ƙarancin jini, ko matsalar maƙoƙo, kuma kowanne da nasa maganin. Kayen nan kuma shi zai faɗa miki ko abin da kike sha yana aiki. Shi ya sa ba a haɗa sababbin magunguna biyar lokaci guda, in an ji sauƙi ba a san na gode wa ba, in an ji ciwo ba a san na zargi ba.

To, ga waɗanda zan iya tsaya miki a kansu. Na farko citta. A 2009 an yi gwaji a Iran kan ɗalibai mata 150 masu ciwon mara, aka ba wasu garin citta miligiram 250 sau huɗu a rana na kwana uku, wasu kuma aka ba su ƙwayoyin asibiti irin su ibuprofen, sauƙin da suka samu ya zo kusan ɗaya. Jimillar ta yini giram ɗaya ce, wato kamar rabin ƙaramin cokalin shayi na gari, a raba shi. Idan ɗanya ce, ki yanki kamar gaɓar babban yatsanki, ki kankare, ki daddaka, ki zuba ruwan zafi kofi ɗaya ki rufe minti goma, ki tace ki sa zuma kaɗan. Ki fara ranar da mara ta soma murɗawa, ki yi kwana uku. A wannan ma'auni har masu sabon ciki ake ba ta don tashin zuciya, shi ya sa na sa ta gaba a gare ki. Idan kina da gyambon ciki ko ƙwannafi, ki sha bayan abinci, in ta tayar miki ki bari. Gaskiya ɗaya dai, citta ta mara ce da tashin zuciya. Kada ki sa ran ta kashe miki fushi.

Abin da ya fi kusa da taɓa fushin da kumburin, kuma wanda nake so ki fi ba ƙarfi, shi ne kalsiyam, sinadarin nan na ƙashi. A 1998 an buga sakamakon wani gwaji a Amurka kan mata sama da 460, rabi aka ba su miligiram 1,200 kullum, rabi aka ba su ƙwayar da babu komai a ciki. A wata na uku alamomin masu shan kalsiyam sun ragu da kashi 48 cikin ɗari, na ɗaya rukunin da kashi 30. Ki lura da wannan talatin ɗin, ɗiyata. Mata sun ji sauƙi da ƙwayar banza don kawai sun sa rai, kuma da irin wannan ne kowace mai gora ke samun masu yi mata shaida. Amma tazarar da ke tsakanin 48 da 30 ta gaske ce.

Kuma a nan Allah Ya yi wa mutanen Maradi gata. Zogalen da ake kawowa daga Jiratawa da lambunan bakin Gulbi, wanda wasu garuruwa ke jiran mota ta kai musu, ke a ƙofar gida ake tallansa. Ganyen zogale da garin kuka da riɗi duk suna da kalsiyam sosai, haka nono da cuku da ƙananan kifin da ake ci da ƙayarsu. Kofi ɗaya na madara ko nono marar sirki yana da kusan miligiram 300. Saboda haka ki mayar da kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli ko dambunsa abincin kullum, ki yawaita miyar kuka, ki sha furarki da nono mai kauri, in kwaɗayin zaƙi ya taso ki nemi kantun riɗi. Duk wata za ki yi, ba satin ciwon kaɗai ba, kuma sai kin yi haƙurin wata uku kafin ki yanke hukunci. Ganye na ce. Saiwar zogale da ɓawonsa ba na mai neman ciki ba ne. Idan abinci bai kai ba, likita na iya rubuta miki ƙwayar kalsiyam, kuma kada sunan ƙwaya ya tsorata ki, abin da ke cikin nono ne aka dunƙule.

Akwai wani tsiro da za ki iya jin sunansa a farmasi ko a bakin masu tallan magani ta WhatsApp, Faransawa na kiransa gatiliye, sunansa na kimiyya Vitex agnus-castus, a ƙasashen bakin Bahar Rum yake fitowa. Cikin tsirrai duka, shi ne aka fi gwadawa a kan wannan matsala. A wani gwaji da aka yi a Jamus, aka buga a 2001, mata 170 sun shiga, masu shan miligiram 20 na tataccensa kullum har al'ada uku, kashi 52 cikin ɗari sun samu sauƙi sosai, a rukunin da aka ba ƙwayar da babu komai a ciki kuwa kashi 24. Yana rage sinadarin da ke sa nono cika, yana kuma sassauta fushi da ciwon kai. Na faɗa miki shi don ki san shi, amma ba naki ba ne yanzu: ba a ba mai ciki, ko mai jiran ciki ba tare da likita ba, ko mai shayarwa, kuma ba a haɗa shi da ƙwayoyin tsarin iyali kai tsaye. Wani abin kuma, dangin ɗinyarmu ne, wadda muke kira dumniya, har sunansu na farko a kimiyya ɗaya. Kada wani ya sayar miki da sassaƙen dumniya ya ce shi ne. Zama dangi bai sa aiki ya zama ɗaya ba.

Sauran zan bi ta kansu da sauri. Na'a-na'a a ruwan zafi tana sassauta iskar ciki. Zoɓo kofi ɗaya marar sukari da yawa babu laifi, amma yana sauke hawan jini, kuma mai kauri da ake dafawa don magani ki bar shi a satin da ba ki san ko kina da ciki ba. Hulba da kirfa an yi ƙananan gwaje-gwaje da suka nuna suna rage ciwon mara, ki ajiye su sai jini ya bayyana, kuma hulba na sauke sukarin jini. Jiƙon kanumfari da ake yayi yanzu, a cika kwalba a yi ta ɗirka safe da yamma, ban ga dalilinsa ba, ƙwaya biyu ko uku a shayi ya isa. Ƙa'idar da zan ba ki mai sauƙi ce: kafin jini ya zo, abin da ake ci a abinci kawai, kuma a ma'aunin abinci. Idan al'ada ta yi jinkiri ko da kwana uku ne, ki sayi tsinken gwajin ciki a farmasi kafin ki sha wani abu.

Wani lokaci abin da aka rage ya fi abin da aka ƙara amfani. A kwana goman ƙarshe ki rage gishiri da magi a miya, ki sa daddawa da albasa su yi aikin. Ki rage atai, musamman na farkon nan mai ɗaci, da goro da Nescafé, don suna ƙara faɗuwar gaba da tsamin nono, suna kuma cinye barci. Shayi tare da abinci ma yana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe da ke gina jini, ki ba shi tazarar awa ɗaya. Kada ki zauna da yunwa a kan keke tun safe har azahar, yunwa da fushi ƴan ɗaki ɗaya ne, ki ajiye gyaɗa ko dabino kusa da almakashi. Ki samu tafiyar ƙafa ta rabin awa da yamma, ko da zuwa gidan ƴar'uwa ne maimakon hawa kabu-kabu. Sannan ki dubi kayenki kafin ki yi wa mai ɗinkin biki alkawari. Ba a fafe gora ranar tafiya: manyan ayyuka ki tura su satin da ke bayan wanka, lokacin da hannunki da kanki suke sake.

Maigida. Bari in ɗan tsaya masa, ko da ba zai yi miki daɗi ba. Shi bai ga furojestaron ba, matarsa ya gani ta gaya masa magana mai zafi, bayan kwana uku kuma ta dawo tana dariya kamar ba a yi ba. A idonsa wannan ya yi kama da raini. Bai kyauta ba da ya yi miki barazanar tafiya gida, amma jahilcin abin ne ya sa, kuma yawancin mazanmu ba wanda ya taɓa zaunar da su ya yi musu bayani. Ki zaɓi lokacin da kike lafiya, bayan kin yi wanka, yara sun yi barci, ya ci ya ƙoshi. Ki fara da ba shi haƙuri a kan waccan maganar, ki kira ta da sunanta, sau ɗaya, ba tare da “amma” ba. Sai wani daren daban ki kawo zancen ciwon, don kada ya ɗauka hanzari kike nema. Idan kayen ya cika wata biyu ki buɗe masa, ki nuna masa inda lambobin ke hawa da inda suke faɗuwa. Gani ya kori ji. Sannan ki roƙe shi abu ƙarami wanda zai iya: idan kika ce masa “kwanakin sun zo”, in ya ji muryarki ta fara tashi kada ya biye miki, ya fita fada wajen abokansa ya dawo, duk wata muhimmiyar magana a ɗage ta zuwa sati mai zuwa. Ke kuma ki yi masa alkawarin ba za ki mayar da wannan lasisin zagi ba. Idan bai saurare ki ba, ki nemi yayarsa ko wata babba da yake jin nauyi, ko ki roƙe shi ya raka ki asibiti ya ji daga bakin ma'aikaciya. Maza da yawa abin da suka ƙi ji a ɗaki sukan karɓe shi daga mai farar riga.

Ita kuwa ƴar ƙaramar, ki ɗora ta a cinya ki ce mata ba kokon ba ne, Mama ce ba ta da lafiya ranar, kuma ba ta kyauta ba. Ƴar shekara shida tana fahimta fiye da yadda muke zato, kuma in ba a faɗa mata ba, kanta za ta ɗora wa laifin. Ni ma a ƙuruciyata na taɓa wurgi da ludayi ya fashe a bango don yaro ya tambaye ni abu sau uku, har yau ina tuna yadda ya tsaya yana kallona. Abin da na koya daga baya shi ne, fushin nan yana da ɗan gargaɗi, wani zafi da ke tasowa daga ƙirji zuwa wuya. Da kin ji shi, ki ajiye abin da ke hannunki ki bar wurin, ki yi alwala, ki zauna. A ranakun da lamba ta kai 3, in akwai hali, yaran su yini wajen kakarsu. Ga aikin da za ki ba surukarki wanda zai sa ta ji ana yi da ita.

Saura maganar da kika ce ba ki son ƙwayoyin asibiti. Na ji, kuma ban ce ki fara da su ba. Amma akwai nau'in wannan ciwo mai tsanani, wanda ke kama mata uku zuwa takwas cikin ɗari, inda fushi da baƙin ciki ke kai wa ga ɓata aure da zumunci. Wanda ya kai ki ga marin ƴarki, ya sa ana zancen tafiya gida, ya isa a kai shi gaban likita. Ki fara da CSI, wato ƙaramin asibitin unguwarku, ki je da kayenki da sunayen duk abin da kika sha, ki nemi a auna miki jini da hawan jini, ki faɗi zancen faɗuwar gaban nan. In da bukata za su tura ki wajen likitan mata a cibiyar kula da lafiyar uwa da yaro. Akwai magunguna irin su fluoxetine da sertraline da ke aiki sosai a kan mai tsananin, wasu matan ma kwana 14 na ƙarshe kawai suke sha a wata. Ba irin tramol ba ne, ba sa bugarwa. Sai dai likita ne zai auna, kuma dole ki gaya masa kuna neman haihuwa. Don ciwon kai, paracetamol ya wadatar. Ibuprofen kuma sai jini ya zo, a kan abinci, ban da mai gyambon ciki. Ki saya a farmasi, ba a tiren da ya yini cikin ranar Maradi ba.

Akwai abubuwan da ba a jira wata biyu a kansu. Idan a kwanakin nan zuciyarki ta taɓa raya miki gara mutuwa, ko ki cutar da kanki ko yaro, ki faɗa wa wanda kika yarda da shi a ranar, ku tafi asibiti a ranar, wannan ciwo ne ba raunin imani ba. Haka idan jini yana jiƙa ƙunzugu duk awa ɗaya ko biyu, ko ya wuce sati, ko kika ji ƙullutu a nono ɗaya wanda bai baje ba bayan al'ada, ko zazzaɓi da ruwa mai wari. Idan kuma al'ada ta yi jinkiri sai ga ciwo mai tsanani a gefe ɗaya na mara da jiri, ko da tsakar dare ne a nemi mota, don yana iya zama ciki ne a wajen mahaifa.

Ki fara kayen daren yau, ko da a tsakiyar wata kike. Bayan al'ada biyu ki sake rubuto mini, ki gaya mini kwana nawa ne tsakanin ranar da lambobin suka fara hawa da ranar da jini ya zo, ko faɗuwar gaban ta tsaya bayan kin bar gorar, da kuma abin da maigida ya ce da ya ga shafin. Allah Ya ba ki lafiya, ki shafa mini kan mai kokon.